Kafin A Ce "Birki Ya Tsinke", A Tambayi Ƙafar Direba

Na san wasu za su ga kan maganar yau su ce, me ya haɗa ma'aikaciyar jinya da birkin mota? Gadon asibiti ne ya haɗa mu. Duk motar da ta ƙi tsayawa a kan titi, a hannunmu mutanen cikinta ke ƙarewa, kuma kusan kullum bayanin masu rakiya ɗaya ne: "Birki ne ya tsinke." Daga nan sai a ce ƙaddara, a rufe zance. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai musu. Amma mu a wurin aiki idan aka kawo mara lafiya aka ce "jikinsa ne ba daɗi", ba a rubuta magani a kan wannan. Sai an tambaya: ina ke ciwo, yaushe ya fara, me ke tayar da shi? Haka birki yake. Abin da ake kira tsinkewar birki cututtuka ne daban-daban, kowace da alamarta, kuma direba ne ke fara jin alamar a tafin ƙafarsa ta dama. Wanda ya iya faɗin abin da ƙafarsa ta ji, ya yi wa bakanike rabin aiki.

Tsohuwar mota, tsohuwar roba

Maganar ta fi shafar gidajen da ke da tsohuwar mota, kuma a nan Shagari da Bodinga muna da su. Peugeot 504, wadda muka fi sani da Fijo, ta fito a Faransa a 1968. Kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, aka ci gaba da haɗa 504 a can har zuwa 2006, shekaru da yawa bayan an daina yin ta a ƙasarta ta haihuwa. Ke nan ko autar cikinsu ta kai kimanin shekara 20, manyan kuwa da yawa sun girme ni. Ga kuma 505, ga a-kori-kura, ga tsofaffin Marsandi.

Ba na cikin masu cewa a yar da su. Motoci ne masu ƙashi, kayan gyaransu na samuwa, kuma babu tashar da za a rasa wanda ya san cikinsu. Sai dai ƙarfe ne ke daɗewa, roba ba ta daɗewa. Birki kuwa gaba ɗayansa ya dogara ne a kan wasu 'yan zobban roba da ba su fi awarwaron jariri girma ba, da kuma tiyon roba da ke kusa da kowace taya. Zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu yana busar da roba, ƙurar hunturu kuma na shiga duk inda ta tsage.

Ga yadda abin ya saba faruwa. Motar Baba ta yi wata shida a fake a gindin dogonyaro. Sallah ta zo, ko bikin 'yar uwa ya taso a Tambuwal ko Jega. Sai a nemo batir, a sa wa tayoyi iska, a zuba mai, a wanke ta tas. Inji na tashi kowa ya yi murna, a loda mata da yara da kayan gara. An tabbatar mota za ta tafi, ba wanda ya tambaya ko za ta tsaya. Alhali zaman da ta yi ya fi tafiya cutar da birkinta, domin a zaune ne roba ke ƙandarewa, tsatsa kuma ta ci cikin silinda. Hanyar da za ta bi kuwa, daga Sakkwato ta Bodinga da Shagari zuwa Jega, kowa ya san abin da ke kanta: tireloli, 'yan kabu-kabu, shanu da raƙuma masu tsallakawa ba sallama. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa uku na ruɗewa sun isa.

Darasin sirinji

Idan akwai sirinji mara allura a gida, ku gwada wannan. Ku zuƙo ruwa ya cika, ku toshe bakin da yatsa, ku danna. Ba zai motsa ba, domin ruwa ba ya matsuwa. Ku zubar da ruwan ku bar iska kawai, ku sake toshewa ku danna. Zai shige, ya yi laushi kamar soso. Sirrin birkin mota ke nan.

Fedar da direba ke takawa tana tura wani babban sirinji na ƙarfe da ke ƙarƙashin bonet, wanda makanikai ke kira masta. Shi ke tura man birki ta cikin siraran bututan ƙarfe da tiyon roba zuwa tayoyi huɗu. A tayoyin gaba, man na sa a matse wani faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. A na baya, a yawancin Fijon da muke da su, yana buɗa takalman birki ne su goga a cikin wata gangar ƙarfe. Tsakanin feda da masta akwai wata baƙar tukunya mai faɗi, busta, wadda ke aron ƙarfin zuƙar inji ta ƙara wa ƙafar direba.

A harshenmu na asibiti, masta shi ne zuciya, bututai jijiyoyi, man birki kuma jini. Duk wanda ya gaza a cikinsu, feda za ta ba da labari. Labarin nata iri huɗu ne.

Na ɗaya: feda ta nutse har ƙasa

Direba ya taka, feda ta tafi salin-alin har ta taɓa daɓen mota, babu abin da ya tare ta. A buɗe bonet a dubi kofin man birki da ke bisa masta. Idan man ya ragu sosai ko ya ƙare, mota na zubar da jini ne, sai a nemi inda ciwon yake. A leƙa cikin kowace taya ta ɓangaren da ke fuskantar ƙarƙashin mota. Idan aka ga danshi ya gangaro a jikin taya ko a gefen ganga, silindar wannan tayar ce ta saki. A bi tiyon roba da ido ko ya tsage ko ya kumbura. A bi bututan ƙarfe, musamman inda laka ke maƙalewa, domin nan tsatsa ke huda su. A kuma dubi mahaɗar masta da busta. Man birki na cin fenti, saboda haka idan fentin wurin ya saɓule, daga nan yake tsiyaya. Wani lokaci ma cikin busta yake zuba, ba za a ga ko ɗigo a ƙasa ba, amma kofi na ta raguwa.

A nan nake da magana da direbobin da ke yawo da gwangwanin man birki a aljihun ƙofa, suna ƙarawa duk mako. Mota ba ta shan man birki kamar yadda take shan fetur. Yana ɗan sauka a hankali yayin da birkin gaba ke cinyewa, amma duk motar da ke neman ƙari a kai a kai, wani wuri ne ya huje. Mu ba ma ƙara wa mutum jini mu sallame shi alhali ba a gano inda yake zuba ba. Ƙaramar huda ta yau ita ce ke fashewa gobe, a daidai lokacin da aka taka da ƙarfi don kauce wa yaro.

Idan kuwa kofi a cike yake, ba danshi ko'ina, amma feda na sulalewa ƙasa a hankali idan aka ɗora ƙafa aka riƙe, to robar cikin masta ce ta gaji. Man na zagaye ta ya koma baya maimakon ya tafi tayoyi, kamar zuciyar da ke bugawa amma jinin na komawa inda ya fito. Ƙarin mai ba ya maganin wannan. Sai an canza robar, ko a canza masta gaba ɗaya idan tsatsa ta ci cikinsa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mai tsohuwar mota ya sani game da tasa. Tun ƙarshen shekarun 1960 Amurka ta wajabta a raba birkin mota gida biyu, ta yadda idan layi ɗaya ya fashe, ɗayan zai riƙe tayoyi biyu, kuma daga baya wannan ya zama ruwan dare a duniya. Motocin da suka riga wannan tsari layi ɗaya gare su: huda ɗaya, birki duka ya tafi. Ku tambayi bakanikenku wace iri ce taku. Mai layi biyu, idan ɗaya ya fashe, feda za ta yi ƙasa sosai amma can kusa da daɓe za ta kama. Don haka kada direba ya ɗage ƙafa don ya ji ta nutse, ya danna har ƙarshe.

Na biyu: feda ta yi laushi, sai an yi famfo

Idan feda ta zama kamar ana taka katifa, sai an taka sau biyu ko uku kafin ta ɗan kama, iska ce ta shiga layi. Sirinjin nan ne da babu ruwa. Iska na shiga idan an kwance wani abu ba a fitar da ita da kyau ba, ko idan an bar kofi ya ƙafe. Maganinta shi ne abin da makanikai ke kira bilidin, bayan an gano ta inda ta shiga. Idan kuwa takun farko ya yi nisa amma na biyu ya tsaya sama da ƙarfinsa, babu laushi, to a duba takalman baya ko sun yi nesa da ganga suna neman a matso da su, a kuma girgiza tayoyin gaba ko boris ya yi sako-sako.

Amma akwai wani laushin da ya fi duka yaudara. Ana cikin tafiya mai nisa da kaya fal, rana tsaka, sai feda ta tafi ƙasa. Allah Ya kiyaye, aka tsaya. Aka sha ruwa, aka yi sallah, bayan rabin awa direba ya taka ya ji birki ya dawo garau. Sai a ce ai ya warke, a ci gaba. Bakanike ma washegari ya duba ya ce bai ga komai ba.

Abin da ya faru shi ne man birki ya tafasa. Man da tsofaffin motocinmu ke amfani da shi, wanda aka rubuta DOT 3 ko DOT 4 a jikin gwangwaninsa, yana da halin zuƙar danshi daga iska, kamar yadda gishiri ke yi da damina. Ƙa'idar da aka gindaya ita ce sabon DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin salshiyos, DOT 4 kuma 230. Amma idan man ya sha ruwa kashi 3.7 cikin 100, ƙa'idar na sauka zuwa 140 da 155. Man da ya shekara goma a mota ba a canza ba, ku ƙiyasta inda ya kai. Idan ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi kamar iska. Da ya huce ya koma ruwa, sai shaida ta ɓace.

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da doguwar gangara irin ta hanyar Jos da ke gasa birki. Don haka idan mai ya tafasa a tsakanin Bodinga da Shagari, a tambaya me ya kawo zafin. Sau da yawa birkin hannu ne ba a sauke shi duka ba, ko birkin taya ɗaya ya cije yana goga tun daga gida, ko tsohon tiyo ya ruɓe ta ciki yana barin mai ya tafi ya hana shi dawowa. Alamarsa, taya ɗaya ta fi sauran zafi tana warin ƙuna. A kara bayan hannu kusa da ita kawai, kada a taɓa. Mu a asibiti, mutumin da hannunsa ya mutu na 'yan mintuna sannan ya dawo, ba ma ce masa ya je gida ya warke. Gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ne. Birkin da ya tafi ya dawo da kansa haka yake.

Na uku: feda ta yi tauri kamar dutse

Wannan kishiyar na farko ce. Direba ya taka, feda ta ƙi shiga, mota kuma sai jan jiki take ba ta tsaya ba. Mai lafiya lau yake, busta ce ta daina taimako. Ko dai tiyon da ya haɗa ta da inji ya tsage ko ya cire, ko robar cikinta ta yage. Wani lokaci ana jin huci kamar na maciji kusa da feda idan an taka, ko inji ya riƙa rawa. A motoci masu shan dizal, wani famfo ne na daban ke yi wa busta zuƙar, shi ma sai a duba shi.

Sanadin da ya fi ba ni tsoro a kwanakin nan kuwa ba lalacewa ba ce, dabara ce. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wasu direbobi sun koma kashe inji suna sakin mota a firi idan sun samu ɗan gangare ko sun doshi gari, wai don tattalin mai. Inji na mutuwa, busta ba ta da sauran ƙarfi sai na taku biyu ko uku. Daga nan feda ta zama dutse. Ga shi giya ba ta ciki balle inji ya riƙe mota, kuma idan aka murɗa makulli ya wuce kima sitiyari na iya kullewa. Man da aka tsimi bai kai kuɗin auduga da bandeji ba. Fasinjan da ya ji inji ya yi shiru ana cikin gudu, yana da haƙƙin ya yi magana.

Abin lura, birkin da ya yi tauri bai mutu ba. Yana nan, ƙarfin ƙafa yake nema ninki-ba-ninki. Direba ya jingina bayansa da kujera ya danna iyakar ƙarfinsa, kada ya tsaya yin famfo.

Na huɗu: feda lafiya, mota ba ta tsaya ba

A nan feda na nan yadda aka saba jin ta, amma birki ba ya ci. Matsalar na can bakin taya, inda ake gogayya. Ko takalma sun cinye har ƙarfe na cin ƙarfe, wanda ƙararsa kaɗai ta isa shaida. Ko sun yi zafi fiye da kima saboda lodi da yawan takawa, fuskarsu ta yi santsi. Ko man giyar baya ya tsiyayo ta bakin aksil ya jiƙa su, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin wagon da a-kori-kura. Takalmin da ya sha mai ba a wanke shi da fetur a mayar, canza shi ake yi, a kuma toshe inda man ya fito. Da damina kuma, idan mota ta ratsa ruwa mai zurfi, gangar baya na cika da ruwa birki ya daina ci na ɗan lokaci. Ana fita daga ruwan a yi tafiya a hankali ana ɗan taka birki har ya bushe. Idan mota na fizga gefe ɗaya duk lokacin da aka taka, birkin ɗaya gefen ne ba ya aiki.

Awon minti biyar kafin tafiya

Kamar yadda muke auna hawan jini kafin komai, ga awon da kowane gida zai iya yi a ƙofar gida, tun ana saura kwana biyu tafiya, ba da asubar ranar ba.

A fara da kofin man birki. Ya kai alamar da aka zana? Launinsa fa? Sabon mai garai-garai yake kamar man gyaɗa mai kyau. Idan ya koma kamar baƙin shayi, ya tsufa. Masu ƙera motoci da yawa na cewa a canza shi duk shekara biyu.

Sai a zauna, inji a kashe, a taka feda sau biyar har ta yi tauri. A riƙe ta a danne, a tayar da inji. Idan busta na da lafiya, feda za ta ɗan sauka a ƙarƙashin ƙafa. Idan ba ta motsa ba, akwai magana.

Inji na aiki, a danna feda a riƙe na rabin minti. Ya kamata ta tsaya cak. Idan tana sulalewa, motar nan ba ta fita sai gareji.

A matsar da mota a dubi ƙasan inda ta kwana. A ja birkin hannu a ga ko yana riƙewa. A ƙarshe a zaga da ita a hankali a wurin da babu mutane, a taka birki da ƙarfi sau biyu, sannan a zagaya tayoyi a ji ko akwai wadda ta fi sauran zafi.

A gaban bakanike

Bakanike na gari, abin da zai fara tambaya da harshenmu na nan shi ne: "Mi ƙahwakka taj ji?" Kada a amsa masa da "birki ba ya ci" kawai. A ce masa, alal misali: "Baba, bayan mun wuce Bodinga feda ta tafi ƙasa, na yi famfo uku ta ɗan kama, tayar baya ta hagu na wari, da safe kuma ta koma daidai." Wanda aka ba wannan bayani ya san inda zai sa hannu.

Akwai gyare-gyaren da bai kamata a yarda da su ba ko da kyauta ne. Kada a zuba ruwan omo a madadin man birki. Ruwa na tafasa a digiri 100, kuma yana cinye silinda da tsatsa. Kada a zuba baƙin mai ko man giya, domin suna kumbura duk robar da suka taɓa, sai an canza su kaf. Kada a haɗa DOT 5 da DOT 3 ko DOT 4, ba jinsinsu ɗaya ba. Kada a yarda a daddatse bututun taya ɗaya ko a toshe shi da ƙusa a ce a lallaɓa da uku, wannan gyaran gangar Auzinawa ne. A sayi mai a rufaffen gwangwani, ba na tsiyaye a kwalba ba. Idan tiyo ɗaya ya fashe don tsufa, sauran sa'anninsa ne, a canza su tare. Takalma ma ana canza na hagu da na dama lokaci guda.

Sannan a kula da kwanakin farko bayan gyara. A tsohon masta, robar ta saba kai-kawo a ɗan gajeren wuri, can ciki kuwa tsatsa ta taru. Idan aka zo bilidin aka riƙa danna feda har daɓe, robar na bi ta kan tsatsar ta yage. Shi ya sa wani zai ce jiya-jiya aka gyara birkin nan, yau ya mutu. Motar da aka taɓa birkinta, a sake yi mata awon riƙe feda kafin a ɗauki iyali.

Idan ya faru ana cikin tafiya

A ɗage ƙafa daga totur. Idan feda ta nutse, a yi famfo da sauri, sau da yawa tana ɗan kamawa. A sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, daga ta huɗu zuwa ta uku zuwa ta biyu, inji zai ja mota baya. A ja birkin hannu a hankali ba tare da an bar shi ya kulle ba, domin fizgar shi lokaci guda na iya juya mota. A kunna fitilun gargaɗi, a danna hon. Kada a kashe inji sai an tsaya. Idan gudu ya ragu, a gangara gefen hanya inda akwai yashi ko ƙananan sabara, a guji manyan itatuwa. Fasinjoji su yi addu'a amma kada su kama sitiyari, kada kuma kowa ya buɗe ƙofa ya yi tsalle. Bayan an tsaya, tafiya ta ƙare sai an gano dalili, ko da birki ya dawo.

Idan an ji ciwo, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, a lambarta ta kyauta 122. A danne inda jini ke fita da tsabtataccen ƙyalle. Kada a fizgo mutum ta hannu ko a naɗe shi a kujerar baya idan yana kukan wuya ko baya, a ɗauke shi a miƙe, wani na riƙe da kansa. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara. Masu manyan raunuka sau da yawa sai an dangana da su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma yadda aka ɗauke su a mintunan farko na iya zama bambancin tafiya da ƙafa da zaman keke.

Biyu daga ɗakin jinya

Man birki guba ne. Yana lalata ƙoda, kuma ba shi da warin da zai kori yaro. Kada a juye ragowarsa a gorar ruwa ko kwalbar lemo a ajiye a zaure. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ba shi manja, kada a jira alama. A kai shi asibiti nan take tare da gwangwanin.

Na biyu, ga iyayen da 'ya'yansu ke koyon aiki a gareji. Tsofaffin takalman birki da yawa na ɗauke da asbesto, wanda ƙurarsa ke zama a huhu ta haifar da cuta bayan shekaru masu yawa. Ku gaya musu kada su hure ƙurar ganga da baki ko da iskar famfo, su goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Uwargida, ke ma da naki aikin. Ba sai kin iya tuƙi ba kafin ki lura Alhaji na taka birki sau biyu a kowace kwana, ko ki ga ɗigon mai a inda mota ke kwana, wurin da ke ce ke sa a share kullum. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance ki ce, "Alhaji, kafin tafiyar nan don Allah a kai ta a duba birki, yaran nan duka a ciki za su kasance." Idan ya ce ai ya san motarsa shekara talatin, ki ce shi ya sa, robar ma shekarunta ke nan. Ranar tafiya kuma yara a baya, ba a cinya a gaba ba, wanda kujerarsa ke da bel ya ɗaura.

Masu tsofaffin motoci da makanikan da ke karanta mu, ina jiran jin irin alamun da kuka taɓa gamuwa da su da abin da aka gano daga baya, domin wani ya ƙaru. Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.